Kason Inna a Kurmin Birai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha a Azare, ni da maƙwabcina malamin makaranta, sanyin safiya na shigar mana ta wuyan riga. Ku da kuke bibiyata kun saba ganin hotunan ɗinki da tsokanar da nake yi wa masu kawo yadi ranar jajiberin salla. To yau labarin tafiya na kawo muku, kuma ba ta yawon shan iska ba ce. Gado za a raba a ƙauyen su mahaifiyata, can gaba da garin Katagum a bakin kogi. Gonakin kakanmu ne, an daɗe ana noma su a haɗe, sai bana da ƙaramin kawuna ya rasu 'ya'yansa suka ce a ba kowa nasa. Inna ta tsufa, ƙafa ba ta kai ta nesa, shi ne ta wakilta ni. Abin da ta ce mini a bakin ƙofa bai da yawa: "Ka je, abin da ka zaɓa na zaɓa."

Ba sai ta faɗa mini abin da zan zaɓa ba, kowa a gidanmu ya sani. Akwai fadama a cikin gonakin, irin wadda masu noman rani ke rububin haya. In kason Inna ya faɗa can, duk shekara za ta riƙa samun na magani da na goro ba tare da ta jira keken ɗinkina ba, keken da wata rana ya yi ciniki, wata rana mu wuni ina kallonsa yana kallona. Da wannan niyyar na shiga mota.

Shi kuwa maƙwabcina ba ruwansa da gado. Jin an ambaci Katagum kawai ya yi, ya ce ai bandar kifin can ba ta da na biyu, ya naɗe buhu ya biyo ni. Kimiyya yake koyarwa a sakandare, kuma mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara maka bayanin yadda ake haɗa agogo. Amma abokin tafiya ne na kirki, shi ya saya mana koko da ƙosai a tasha, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuyar ko yayensa ba a yi ba. Kuɗin mota ma ya tashi sosai a kan yadda na san shi, direba ya ce mu je mu tambayi gidan mai.

Hanya ta yi kyau a wasu wuraren, a wasu kuma sai direba ya sauka gefe ya bi ta inda shanu ke bi. An gama ɗauke amfanin gona, karan dawa na tsaye a bushe, ga kankana an tula a bakin titi kamar ba za ta ƙare ba. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne buhunan gawayi. Duk ƙauyen da muka wuce sai ka gan su a jere, an ɗinke bakinsu da igiya, suna jiran motar birni. A da ban san wannan hanyar da haka ba. A Sakwa muka tsaya direba ya ƙara wa mota ruwa, mu kuma muka sha fura da nono wajen wata Bafillatana mai dariya. Na gaishe ta da ɗan Fillancin da na iya, ta amsa da doguwar magana, na tsaya ina gyaɗa kai kamar na gane. Furar dai ta yi, nonon ba a tsinka shi da ruwa ba.

Da hantsi muka shiga Katagum. Kogi bai gama janyewa ba, masunta na ta harkarsu, ƙaurin kifi ya cika kasuwa. Na zaci malam zai sayi kifinsa mu wuce, ashe sai ya shinshina kowane kwando ya yi ciniki ya ce sai mun dawo. Daga nan muka hau babura biyu, domin mota ba ta shiga ƙauyen.

A wannan hanyar na fara ganin birai. Akwai wani wuri da na sani tun ina yaro, in Inna ta kawo mu ganin gida nan ne muke ƙanƙame zanenta, saboda duhun itatuwa. Yanzu fili ne fetal, sai kututture, da ramukan ƙona gawayi suna hayaƙi, da injinan ban ruwa suna ta ƙara daga bakin kogi. A daidai nan sarƙar babur ɗina ta zame, muka sauka mai babur na gyarawa. 'Yan goruba ne suka rage a gefe da gawo guda ɗaya, a kansu kuwa ga birai, irin masu baƙar fuskar nan da ake kira kirka.

Na daɗe ban ga halitta a firgice irin wannan ba. Babu wanda ya zauna zaman kirki a cikinsu. Wannan ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya sosa jiki, ya sake sosawa, alhali ba alamar wani abu na cizonsa. Wata uwa ta matse ɗanta a ciki, ɗan yana son sauka tana fizgo shi. Wani babba gashin bayansa ya zube wuri-wuri, wani kuma hannunsa guda dungulmi ne, mai babur ya ce tarkon waya ne ya cinye shi. Ɗaya ya sauko ya wawuri ɓawon kankana, bai ko tsaya tauna ba ya cusa a kumatu ya haye, nan take biyu suka rufe shi da faɗa. Can wani kare ya yi haushi daga gona, kafin ka ce kwabo duk sun watse, amma ba wurin zuwa, sai suka zagaya suka dawo kan gawon nan. Wallahi sai da suka ba ni tausayi, duk da na san ɓarnarsu.

Mai babur ya ce ba mai tausayinsu a nan, domin kankana da masara ba sa tsira a hannunsu, kullum manoma na binsu da karnuka da gwafa. Malam ya ce susar nan da muke gani ba ƙaiƙayi ba ne, haka biri ke yi in hankalinsa a tashe yake. Ya ce masu bincike har kashin birai suke tsinta su auna, domin akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa in ana cikin tsoro, mu ma mutane muna fitar da shi, kuma galibi ya fi yawa a jikin biran da ake yawan kora da takura wa. In abin ya daɗe, in ji shi, dabba sai ta rame, ciwo ya riƙa kama ta da sauƙi. Na ce masa wato har a kashi ma ba a bar biri ya ɓoye sirrinsa ba. Ya fara wani sabon bayanin, Allah ya taimake ni sarƙa ta hau.

A ƙauye babban kawuna ya tarbe mu, yayan Inna, tsoho mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ta sha kifi, malam ya ci har ya manta da bayani. Muna cikin ci taubashina ya shigo, babban ɗan marigayi, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"A'a, ɗan birni an zo kwasar gado," in ji shi. "Ka taho da almakashi ko? Ƙasa ba yadi ba ce fa."

Na ce masa ko ƙasar ce a ba ni in yanka, na fi shi iya miƙe layi. Muka yi dariya, sannan ya zauna ya yi mini bayanin yadda aka tsara. Liman da dattawa sun riga sun auna da igiya, sun kasa gonakin kashi biyar masu daraja ɗaya: biyu na Kawu, biyu na gidan marigayi, ɗaya na Inna. Kashi biyu a fadama suke, biyu a tudu. Na biyar shi ne kurmin bakin kogi, wanda ba a taɓa nomawa ba. An yi masa ƙima ne da itatuwan da ke ciki, wato abin da masu gawayi za su biya da gonar da za ta fito bayan an sare. Kuma al'adar gidan ce tun zamanin kaka, in an gama aunawa mace ke fara nuna nata, don kada a ce maza sun ci da ƙarfi. Ke nan ni zan fara zaɓa.

Taubashina bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in na ɗauki fadama ɗaya Kawu ya ɗauki ɗayar, kurmi a hannunsu zai faɗo, kuma ya riga ya yi magana da masu injin yankan itace. Ambaliya ta cinye musu shinkafa a daminar da ta wuce, ga ƙannensa ƙanana, ga iyayensa mata. "Ba mugunta ba ce," ya ce, "inuwa ba ta cika tukunya." Ban ga laifinsa ba, ni ma abin da ya kawo ni ke nan.

Bayan azahar Kawu ya ce mu zaga in ga kowane kashi da idona kafin la'asar. Fadamar kam ta yi, baƙar ƙasa mai laushi, ruwa na nan kusa. A zuciyata na ce an gama. Sai muka gangara kurmi. A bakin shiga Kawu ya tsaya ya kori karen gidan da ya biyo mu, ya karɓi 'yar adda da ke hannun taubashina ya jingine a waje. Ya ce mahaifinsu, wato kakanmu, ya yi wa wurin nan hurumi: gatari ba ya shiga, kare ba ya shiga, busasshen reshe da ya faɗo da kansa kaɗai ake ɗauka. Dalilinsa shi ne saiwoyin itatuwan ne ke riƙe gaɓar kogi, kuma ya ce dabbar da ka bar mata ɗakinta ba ta cika shiga naka ba.

Muna shiga sanyi ya sauko mana. Tsamiya, kanya, ɗinya, marke, wasu ma ban san sunansu ba, sun haɗe sama har rana sai ɗigo-ɗigo. Ƙarar injinan ban ruwa ta koma can nesa. Ga kuma birai, irin waɗancan dai na hanya, baƙar fuska da doguwar jela. Ina ganinsu na zaro waya na matsa kusa a tsaye, ina so in ɗauko muku bidiyo. Nan da nan komai ya tsaya. Wani babba ya yi wata 'yar ƙara, iyaye suka janyo 'ya'yansu, idanu duk suka dawo kaina.

Kawu ya ja bakin rigata a hankali. "Zauna, ɗan nan. Baƙo ba ya tsaya wa masu gida a ka."

Ashe wannan ma yana cikin ƙa'idar wurin: in ka shiga ka tarar da su, ka nemi gindin itace ka zauna, ka sauke murya, kada ka nuna su da hannu. Muka zauna a gindin wata tsamiya, har malam ya yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ba mu daɗe ba babban nan ya kau da kai ya ci gaba da ɓare tsamiyarsa. Uwa ta saki ɗanta, ya sauko ƙasa ya tarar da 'yan uwansa, suka shiga kokawa suna birgima a cikin ganye. Wasu biyu suka zauna ɗaya na duba gashin ɗaya, sili-sili, da natsuwar da nake bin ɗinki in na zo farke kuskure. Wanda ake dubawar har lumshe ido yake. Can sama wani ya kwanta rub da ciki a kan reshe, ƙafafu na reto, yana barcinsa da rana tsaka. Gashinsu a kwance, jikinsu a cike. Ban ga mai susar nan ba ko ɗaya.

Kawu ya ce da ƙaramar murya, waɗancan na hanya da waɗannan asalinsu ɗaya ne. Kurmi biyu ne a da a bakin kogin nan, aka sare na ƙasa. Ya ce waɗannan ma ba waliyyai ba ne, sukan taɓa masarar da ke kusa, amma ɗan abin da suke ɗauka bai taɓa hana gidan cika rumbu ba, domin suna da abin ci a nan. Malam ya ƙara da cewa ba itatuwan kaɗai ne suka kwantar musu da hankali ba, har da sanin cewa mutumin da ya shigo nan ba zai bi su ba. Na tambayi Kawu me ya sa shi ba zai ɗauki kurmin ba tunda kashi biyu gare shi. Ya ce gidansa baki ya yi yawa, kuma ko ya ɗauka, ranar da ya rufe ido 'ya'yansa za su kira masu inji, sun ma faɗa masa. Bai ce in ɗauka ba. Ko da ido bai roƙe ni ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da a ce ya roƙa.

Na so in kira gida, babu sabis ko ɗigo a bakin kogin. Na zauna ina kallon ɗan birin nan da ke birgima, ina tuna uwar can ta kan gawo da ta hana nata sauka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In na nuna fadama, kafin damina waɗannan ma sun koma kan goruba suna susa. In kuma na nuna kurmi, na ɗauki abincin tsohuwa na ba birai, kuma ba ni na haifi kaina ba balle in ce nawa ne. Gaskiya hankalina ya rabu biyu, kuma ban ji daɗin wakilcin nan ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya yi addu'a ga mamata, ya sake lissafa kashi biyar ɗin a gaban shaidu, sannan ya juyo ya ce wakilin mace ya nuna. Na buɗe baki da niyyar da na taho da ita daga Azare, sai na ji kaina na ce, "Allah gafarta Malam, kurmi."

Liman ya sake tambayata, na sake faɗa. Ya tuna mini cewa in an shafa fatiha ba a dawowa, na ce na sani. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shi da gidan marigayi kowa ya samu fadama ɗaya da tudu ɗaya. Taubashina, da bai taɓa sa ran fadama ba, ya rasa inda zai sa kansa don murna, sai ya ɓoye ta a cikin tsokana, ya ce daga yau an naɗa ni sarkin birai, in aiko da awon rawanina. Da muka keɓe kuma ya kama hannuna ya ce muddin yana garin nan gatari ba zai shiga kason gwaggonsa ba, kuma duk shekara zai sa a kaɗe tsamiya a aiko mata. Ni da shi mun san kuɗin tsamiya ba zai kama ƙafar hayar fadama ba.

Washegari muka juyo. Malam ya cika buhunsa da kifi a Katagum bayan ya wahalar da masu sayarwa, mota ta ɗauki ƙauri har Azare. Ni kuwa ban ga hanya ba, ina ta jera maganar da zan yi wa Inna ina rushewa.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, matata da ƙannena mata duk suna nan, an zo jin labari. Kunnen Inna ya yi nauyi, ba a yi mata magana a asirce. Maganar da na so in faɗa a hankali dole na durƙusa kusa da ita na ɗaga murya har maƙwabta suka ji: na zaɓar mata kurmi. Wata ƙanwata ta fara salati, Inna ta ɗaga mata hannu.

Ta daɗe tana juya wake a faifai. Sannan ta ce, "Fadama na so. Har na gama shirya yadda zan sake kwanon ɗakina, damina biyu ke nan ina kwana da roba a gefen gado."

Ban san ɗakinta na yoyo haka ba, ba ta taɓa faɗa ba. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Na fara ba ta labarin biran hanya da na kurmi, ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"Yanzu kurmin Baba nawa ne?" ta tambaya.

Na ce nata ne, da shaidu.

"To ka aika musu, mai kurmi ta ce yadda Baba ya bar shi haka zai zauna. Kuma kafin ƙafar nan ta gama ƙi, ka nemo mota ka kai ni in zauna a gindin tsamiya."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, jama'a. Na tafi ina ganin kwanciyar hankali abu ne da Allah ke ba dabba a daji kyauta, na dawo na gane cewa a zamanin nan sai wani mutum ya haƙura da wani abu kafin biri ya samu barcin rana. A wannan karon ba ni na haƙura ba, tsohuwa ce, kuma ban tambaye ta ba kafin in yanke. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta kuma ce na yi laifi ba. Da gari ya waye ban buɗe shago ba, kasuwar 'yan kwano na fara zuwa, na tambayi farashin bandir da ƙusa, na ce wa kafinta ya zo ya duba ɗakin Inna kafin hadari ya fara haɗuwa.